Kurakuran da muke yi in za mu shiga jirgi da yara karon farko

Ranar da na fara ɗaukar yarana daga Legas zuwa Kano a jirgi, babbar tana da shekara huɗu, ƙaramin kuma wata bakwai yana goye a baya, wallahi kusan duk abin da zan faɗa a nan sai da ya same mu. Shi ya sa yanzu duk maƙwabciyar da ta ce min za su je gida a jirgi da yara sai na ce maman wane zauna tukuna mu yi magana.

Babban kuskurenmu shi ne ba ma gaya wa yaro komai. Sai mu ce ai yaro ne me ya sani, a yi masa wanka a sa masa kaya kawai ya tsinci kansa cikin hayaniya. Wasu yayyen ma har tsokana suke yi, wai in ka yi kuka za a jefo ka daga sama, don Allah a hana su wannan, yaro ba ya mantawa. Tawa 'yar ba jirgin ne ya fara sa ta kuka ba, wajen binciken kaya ne, da aka karɓi 'yar tsanarta aka ɗora a faranti ta shige cikin na'ura ta ɓace, ta ƙwalla ƙara tana cewa sun cinye min ita. Da na gaya mata tun a gida cewa za ta fito ta ɗaya gefen da ba a yi haka ba. To kwana uku ko huɗu kafin tafiya ki fara ba shi labari daki-daki, za a duba jaka, za mu zauna mu jira, za a ɗaura mana bel, jirgi zai yi ƙara sosai ya yi gudu sannan ya ɗaga, wani lokaci yana ɗan girgiza kamar mota a hanya mai gargada kuma ba komai ba ne. Mu nan Agege jirage ta kanmu suke wucewa, ki fito da shi ki nuna masa ki ce irin wancan za mu shiga. Ki jera kujeru a falo ki ɗaura masa ɗankwali a ƙugu a matsayin bel, ku yi wasan tare.

Sai maganar kunne, wadda ita ce ainihin abin da ke sa jarirai kuka. In jirgi na tashi ko sauka iskar ciki tana canzawa, kunne ya toshe ya yi zafi, babba ya san ya haɗiye yawu ko ya yi hamma, jariri bai sani ba. Kuskuren shi ne mu shayar da shi ya ƙoshi taf a ɗakin jira, lokacin da ake buƙatar ya tsotsa sai ya ƙi. Ki ɗan ja masa rai har sai jirgi ya fara gudun tashi sannan ki ba shi nono ko fida. Kuma sauka ta fi tashi zafi, jirgi yana fara yin ƙasa tun kusan rabin awa kafin ya taɓa ƙasa, to da kin ji sanarwar an fara sauka ki sake ba shi, kar ki jira sai ya fara ihu don a lokacin ba zai kama ba. Mai shekara uku zuwa sama a ba shi ruwa yana kurɓa kaɗan-kaɗan ko alawa mai tsinke, amma ƙarami kar a ba shi alawa mai tauri ko cingam, zai iya shaƙewa. In yaro na mura mai ƙarfi ko ciwon kunne a kai shi likita ya duba kafin ranar tafiya.

Maganin mura mai sa barci da wasu ke ɗura wa yara wai don su yi shiru, ni dai ina roƙo a bari. Wani yaron maimakon barci sai ya ƙara birkicewa, kuma kina sama babu asibiti kusa.

Takardu kuma, mutane da yawa suna zaton ɗan goye ba ya buƙatar tikiti tunda a cinya zai zauna. Dole sunansa ya shiga, akwai tikitin jarirai na 'yan ƙasa da shekara 2 mai sauƙin kuɗi, wanda ya cika 2 kuwa kujerarsa daban. Ki riƙe takardar haihuwarsa ta hukumar ƙidaya a jakar hannu, in ƙasar waje ce kamar Umara kowane yaro da fasfo ɗinsa da bizarsa ko jiya aka haife shi. Baban yara kuma ka duba tikiti da kyau ka ga daga ina jirgin zai tashi, domin filin jirgin Murtala Muhammed na Ikeja ɓangaren cikin gida ma biyu ne, MMA2 da GAT, ga na ƙasashen waje can daban, a sauke ka inda ba nan ba da yara da akwatuna ba ƙaramar wahala ba ce. Wanda zai taso daga Idi-Araba ko Mile 12 ko Obalende ya san halin gosulon Legas, ku fito da wuri ku isa aƙalla awa biyu kafin lokaci, gara jira a zaune da gudu da goyo.

Legas zuwa Kano kusan awa ɗaya da rabi ne, shi ne ke yaudararmu mu zuba komai a babban akwati mu miƙa a kantar karɓar kaya. Amma lokacin hunturu, Disamba da Janairu, hazo kan sa a ɗaga tashin jiragen arewa, ki ga an yini a filin jirgi. Mu mun yi awa huɗu muna jira da famfas guda biyu kacal a hannuna, ga abinci a wajen tsada kamar me. Jakar hannu ta ƙunshi famfas da yawa, madara, biskit, kayan canji na yaro da naki ke ma don tumbuɗi ba ya sallama, da leda ta zuba masu datti. A bar leshi da shadda mai sitaci sai an isa gida a yi wa Hajiya kwalliya, a sa musu kaya masu laushi da 'yar rigar sanyi da safa, don zafin Legas daban sanyin cikin jirgi daban. A kai babban yaron banɗaki kafin a kira shiga, na cikin jirgi in an danna ruwa ƙararsa tana firgita yara, ki fito da shi tukuna sannan ki danna.

Ke kanki ma in kina jin tsoro, kuma da yawanmu muna ji, yaro fuskarki yake kallo. Ku karanta addu'ar tafiya tare a hankali, ki riƙe hannunsa kina nuna masa gajimare ta taga. In ya yi kuka kar ki dake shi don kunyar mutane, kuma baban yara ya ajiye waya ya karɓi ɗaya. In an sauka ku bar masu sauri su fice, sannan ki leƙa ƙarƙashin kujera, can takalmi ɗaya yakan maƙale.