Kafin ki kai littafin girkinki maɗaba'a

Ba a rufa wata guda sai wata ta turo mini rubutu ta WhatsApp, "Anti, don Allah duba mini, littafin girki zan fitar." In na buɗe, kurakuran jiya ne nake tararwa yau. Na gaji da nanatawa ɗaya bayan ɗaya, gara in faɗa a nan kowa ta ji.

Awo shi ne babbar cuta. "Ki zuba kanwa daidai misali." Misalin wa? Ke da kika tashi gaban Inna tana kwaɓa ɗan wake, hannunki ya riga ya haddace. Amaryar da ta sayi littafin ba ta haddace ba, shi ya sa ma ta fitar da kuɗinta. Kanwar ma ba iri ɗaya ba ce, ungurnu daban, jar kanwa daban. In ba ki faɗi wadda za a jiƙa ba da yawan ruwanta, ko dai ɗan waken ya yi ɗaci ko ya watse a tukunya. Haka "tiya ɗaya": tiyar kasuwar Mai'adua da ta mai shago a Ƙofar Ƙaura ba lalle su zo daidai ba, gwangwanin madara kuwa akwai babba akwai ƙarami. Ni a shafin farko nake yanke magana: kofi a littafina mililita 250 ne, babban cokali 15, cokalin shayi 5. Wasu na cewa wannan boko ne. Su yi ta faɗa.

Lokaci ma awo ne. Kin rubuta a bar ƙullun waina awa biyar ya tashi. Awa biyar ta zafin Afrilu a Katsina ko ta hunturun Disamba? Ki faɗi alama: ya kumbura, ya yi kumfa a sama, ɗan tsami ya fara tashi. Kafin girki ya shiga littafina, sai na miƙa takardar ga ƙanwata wadda ba ta taɓa yin sa ba, in zauna in kame bakina. Duk inda ta ɗago ta ce "Yaya, nan fa?" to rubutun ne bai cika ba, ba ita ba.

Sai maganar maɗaba'a, wadda har yau in na tuna raina ke ɓaci. Wani mai buga littattafai ya karɓi kuɗina duka, ya ce Hajiya ki je ki huta. Da kwalayen suka iso, duk inda ƙ, ɗ ko ɓ suke sai ɗan akwati ya zauna a wurin, don kwamfutarsa ba ta da irin rubutun da aka yi aikin da shi. Hoton miyar taushe ya fito kamar taɓo. Kuɗi sun riga sun tafi, wa za ki kama? Don haka ki saurara da kyau. Rabin kuɗi za ki bayar, sauran sai kin karɓi kaya. Ki miƙa aikin a PDF, kuma kada injin ya tashi sai an buga miki kwafi ɗaya na gwaji kin karanta shi daga bango zuwa bango. Hoto kada ya bi ta WhatsApp yadda aka saba turawa, matse shi yake yi ya rage masa kyau, masu bugawa kuwa 300 dpi suke so, wato ma'aunin kaifin hoto. Shafi mai kala farantin bugu huɗu yake ci a injin, baƙi da fari ɗaya, shi ya sa nake tara hotunana wuri guda a tsakiyar littafi maimakon in watsa su. Nauyin takarda, giram 70 ne ko 80, da ranar karɓa, duk a rubuta a sa hannu. Wajen haɗa shafukan, ki ce ɗinki kike so, gam kaɗai ba ya jure buɗewa kullum a gefen murhu.

Sauran ƙanana ne, amma suna zubar da mutunci. Ki jera kayan haɗi yadda za su shiga tukunya. Ki faɗi mutum nawa girkin zai ƙosar. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓarta, kuma doka ta ce a kai musu kwafi uku bayan an buga. Hoton da kika kwaso a Facebook yana da mai shi, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 na nan. Kuma haba, ina amfanin cika littafi da kek da shawarma alhali babu alkaki, babu nakiya, babu yadda ake kirɓa furar Daura?

Kada alkawuran ranar ƙaddamarwa su sa ki buga dubu, ba duk wanda ya faɗi kuɗi a lasifika ke biya ba. Ki fara da ɗari biyu ko uku, ki kai islamiyyun matan aure, makarantun koyon girki da wurin masu haɗa kayan amare. In sun ƙare ki ƙara, ki gyara abin da masu karatu suka kamo miki.