Yadda Za Mu Rage Illar Shaye-Shaye A Tsakanin Ɗalibai Da Matasanmu A Legas

Duk wanda ya zauna a Agege, Idi-Araba, Obalende ko Alaba Rago ya san cewa shaye-shaye ya daɗe da shigowa cikin gidajenmu. Akwai ɗan acaɓan da ke haɗiye tramol da asuba don ya jure wunin titi, akwai ɗan dako a kasuwar Mile 12 da ya yarda cewa ƙwaya ce ke ba shi ƙarfin sauke buhunan albasa, akwai kuma ɗalibi a Akoka ko Yaba ko Ojo wanda ya fara da neman abin hana barci lokacin jarrabawa, yau ga shi ba ya iya wuni sai da kodin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a shekarar 2018 ya nuna cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a shekarar da ta gabace shi, ban da giya da taba, cewa ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, kuma yankin Kudu maso Yamma, inda muke zaune, shi ne ya fi kowane yanki yawan masu sha.

Burin kowane uba da kowace uwa shi ne yaro ya daina ɗungurungum, kuma wannan buri daidai ne. Sai dai tsakanin yau da ranar dainawa akwai watanni, wani lokaci shekaru, kuma a cikin wannan tazara ce ake yin asarar rayuka, galibi a ɗaki a kulle, saboda abokai sun ji tsoron 'yan sanda ko iyaye sun ji kunyar maƙwabta. Abin da ake nufi da rage illa shi ne a kare rai da lafiyar mai sha a halin da yake ciki, a kuma bar masa ƙofa a buɗe har ya kai ga dainawa. Wannan bai halatta maye ba, bai kuma soke doka ba, domin mallakar waɗannan ƙwayoyi ba tare da izinin likita ba laifi ne har gobe a Najeriya. Malamanmu sun san ƙa'idar cewa idan ɓarna biyu suka haɗu ana kawar da babbar da ƙaramar, kuma ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana a la'anci wani mutum da aka sha kawowa gabansa saboda shan giya. Mai rai ne kaɗai ke da damar tuba.

Matakin farko shi ne a san abin da yaron yake sha, domin kowane nau'i da irin haɗarinsa. Tramol, kodin da allurar fentazosin dangi ɗaya ne, suna rage numfashi. Roji da baliyam, wato ƙwayoyin sa barci, da kuma giya su ma suna danne ƙwaƙwalwa. Idan aka haɗa biyu daga cikin waɗannan, ko uku, numfashi na iya tsayawa gaba ɗaya alhali mutum yana cikin barci, kuma irin wannan gamin-gambizar ita ce ke kashe mafi yawan waɗanda ƙwaya ke kashewa. Saboda haka, idan babu abin da mai sha zai karɓa daga bakinka sai magana guda, to ka gaya masa kada ya haɗa. Ya guji duk wani haɗin da aka zuba a gora ko a kwalbar lemo a wurin biki, irin wanda matasan Legas ke kira skuchies, domin wanda ya haɗa shi ma bai san adadin abin da ya zuba ba. Game da tramol kuwa, wanda hukuma ta amince a sayar bisa takardar likita mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a wuni guda, amma wanda ake sayarwa a bakin tasha yakan kai 200 ko 225 ko 250, ka ga ke nan ƙwaya biyu sun isa su kai iyaka ko su ƙetare ta, su jawo farfaɗiya ga wanda bai taɓa yin ta ba.

Akwai wani haɗari da mutanenmu ba su cika lura da shi ba, kuma ya fi shafar waɗanda suka yi ƙoƙari. Jikin da ya saba da ƙwaya yana jure adadi mai yawa, amma wannan juriya tana zubewa cikin kwanaki kaɗan idan aka dakata. Saurayin da ya kame bakinsa a watan azumi, ko ɗalibin da ya yi hutu a gaban iyayensa a Kano ko Sakkwato, ko wanda ya fito daga gidan yari ko asibiti, idan ya dawo ya sha adadin da ya saba sha a da, wannan adadin na iya zama ajalinsa. A gaya masa haka ƙarara tun kafin ya koma cikin abokansa, ko da ya rantse cewa ya daina. A kuma roƙe shi, idan har ya kasa daurewa, kada ya sha shi kaɗai a ɗaki da sakata, kuma kada ya hau babur ko ya tuƙa mota.

Yanzu sai abin da kowa ya kamata ya iya, daga abokin ɗaki a makaranta har zuwa mai shayi a bakin layi, wato gane wanda ƙwaya ta fi ƙarfinsa da kuma abin yi. A kira sunansa da ƙarfi, a girgiza kafaɗarsa, in bai motsa ba a dunƙule hannu a goga gaɓoɓin yatsu da ƙarfi a kan ƙashin ƙirjinsa. Mai barcin gajiya zai zabura. Wanda bai farka ba, a duba numfashinsa da agogo a hannu, domin lafiyayyen baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kuma idan ya yi ƙasa da sau 10, ko yana wani irin munshari mai kama da shaƙewa, ko leɓɓansa da farcensa sun koma launin toka, ko ƙwayar idonsa ta tsuke ta zama ɗigo, to ana cikin gaggawa. Mutane da yawa sun ji wannan munsharin suka ce a bar shi ya huta, gari ya waye aka tarar da gawa.

Nan take wani ya kira lambar agajin gaggawa ta Legas, 112 ko 767, ya faɗi unguwa da layi da wata alama da za a gane gidan da ita. Cunkoson Legas sananne ne, don haka idan akwai asibiti kusa, a nemi keke napep ko mota a tafi, kada a zauna jiran motar asibiti. Kafin nan a kwantar da shi ta gefe ɗaya, a lanƙwasa gwiwar ƙafar da ke sama ta dafa ƙasa, a sa bayan hannunsa a ƙarƙashin kuncinsa, a ɗan ɗaga haɓarsa, ta yadda in amai ya zo zai zubo waje maimakon ya koma huhu. Idan numfashi ya tsaya, a mayar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa da hannu biyu da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wanda ya iya kuma ya toshe masa hanci ya hura masa iska a baki sau 2 bayan kowane danni 30, har taimako ya iso. Kada a ɗura masa manja, madara ko ruwan gishiri, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin zai bi ta maƙoshin iska ne. Kada a sheƙa masa ruwan sanyi, kada a tilasta shi ya yi amai, kuma kada a bar shi shi kaɗai ko na minti guda. Idan farfaɗiya ce ta kama shi, a janye abubuwa masu kaifi daga kusa, a sa tsumma a ƙarƙashin kansa, kada a tura cokali ko yatsa a bakinsa kamar yadda aka saba, kada a danne shi.

A asibiti a faɗi gaskiya. A ɗauki fankon maganin ko kwalbar a tafi da su, a ce wa likita ga abin da ya sha, ga lokacin da ya sha. Akwai allurar da ake kira nalokson wadda ke warware tasirin tramol da kodin da danginsu a kan numfashi cikin 'yan mintoci, amma ba ta aiki a kan giya ko roji, kuma ƙarfinta yana ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, don haka ko mutum ya buɗe ido ya ce a kai shi gida, dole ya zauna a ci gaba da lura da shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mara lafiyar da ke cikin halin gaggawa, kuma yana da kyau wanda ya raka shi ya san da haka.

Mai shan kolos (ganyen da aka haɗa da sinadari, ana busa shi kamar wiwi) ko ais (abin maye mai kama da ƙanƙara da ke hana barci) halinsa daban ne, shi tada hankali yake yi, jikinsa ya yi zafi, ya riƙa ganin ana bin sa. Kada a taru a kansa da sanduna, a rage hayaniya, mutum ɗaya da ya yarda da shi ya yi masa magana a hankali, in jikin ya yi zafi ƙwarai ko yana ciwon ƙirji a kai shi asibiti.

Giya kuwa muna yin kamar ba ta shafe mu ba, alhali ana sayar da ogogoro da paraga a tashoshin da yaranmu ke aiki. Babban haɗarin irin wannan barasa ta gida shi ne gubar mesanol, wadda a shekarar 2015 ta kashe mutane da dama a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas. Alamunta ba sa fitowa nan da nan, sai bayan awa 12 zuwa 24 mutum ya fara ciwon ciki da amai, ganinsa ya dushe kamar hazo ya rufe shi. Duk wanda ya ga haka bayan ya sha barasar da ba a san asalinta ba, ya tafi asibiti a wannan lokacin, domin jinkiri na makantarwa. Ɗalibai mata su kula da kofinsu a taron biki, kada su karɓi abin shan da aka riga aka buɗe, kuma waɗanda suka fita tare su koma tare. Masu yin allura kuma kada su yi tarayya a sirinji ɗaya, domin ta nan ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C ke yaɗuwa, su je a gwada jininsu.

Idan yaro ya ce zai daina, a nan ma ana kuskure da kyakkyawar niyya. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, ko roji, ko baliyam, bai kamata ya yanke lokaci guda ba tare da likita ba, domin jikinsa na iya rikicewa da karkarwa da farfaɗiya da gane-gane, musamman a kwana na 2 zuwa na 3, kuma hakan na kashewa. Kulle shi a ɗaki ko ɗaure shi da mari ba magani ba ne. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, inda aka kuɓutar da mutane fiye da 300, da yawansu a ɗaure, kuma iyayensu ne suka kai su da fatan gyara. Addu'a da nasihar malami suna da babban matsayi, a haɗa su da magani. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen masu fama da shaye-shaye, asibitin koyarwa na LUTH yana nan cikin Idi-Araba, na LASUTH kuma yana Ikeja kusa da mutanen Agege. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana da layin neman shawara kyauta dare da rana, 0800 1020 3040. Ɗalibi ya fara da asibitin makarantarsa ko ofishin ba da shawara, ya tambayi tun farko abin da za a riƙe a matsayin sirri. Zuwa Yaba ba ya nufin mutum ya haukace, kuma ya kamata mu daina faɗin haka a gaban yara.

Yadda aka fara maganar shi ne ke sa yaro ya buɗe baki ko ya rufe. A zaɓi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba a gaban ƙannensa ba. Uwa za ta iya cewa, “Ɗana, na ga ba ka cin abinci, ba ka barci, hankalina ya tashi, gaya mini abin da ke damun ka.” Aboki ya ce, “Ɗan'uwa, ba zan kai ka ƙara ba, amma jiya na tsorata da numfashinka.” Sau da yawa a ƙarƙashin shan akwai bashin kuɗin balas na babur, ko faɗuwa jarrabawa, ko ciwon sikila, ko kaɗaicin baƙunta, kuma in ba a taɓa wannan ba shan zai dawo. In ya koma bayan ya daina, a sake kai shi wurin likita, kada a kore shi, domin yaron da aka kora daga gida a Legas ƙarƙashin gada zai kwana, cikin waɗanda ke sayar masa.

Sauran aikin na unguwa ne. Fadar Sarkin Hausawa, kwamitin masallaci, shugabannin 'yan acaɓa da na 'yan kasuwa da ƙungiyoyin ɗalibai za su iya gayyatar ma'aikacin jinya daga asibitin da ke kusa ya koya wa matasa kwantar da mutum ta gefe da danna ƙirji, abin da ba ya ɗaukar fiye da yammaci guda. A rubuta lambobin gaggawa da Hausa da ajami a manna a shagon aski, wurin mai shayi da ƙofar masallaci. A ware mai keke ko mai mota guda a kowane layi wanda za a iya tayarwa cikin dare, a tanadi ɗan asusun da zai biya shi da kuɗin kati. Dattawan unguwa kuma su sanar a fili cewa duk yaron da ya kawo labarin abokinsa ya suma ba za a tuhume shi ba, ba za a kuma kai sunansa ko'ina ba, su riƙe wannan alkawari tun daga karon farko da aka gwada su.