Yadda ɗalibi zai nemi bashin karatu na NELFUND ba tare da an duba samun iyayensa ba

Har yanzu a ƙauyukan Kano da Jigawa akwai masu cewa bashin karatun gwamnatin tarayya, wanda hukumar NELFUND take bayarwa, sai an kawo shaidar abin da uba yake samu a shekara, kuma sai wani babban ma'aikaci ya tsaya maka. Wannan tsohon zance ne, amma yana da tushe. Dokar farko da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce dole samun gidanku ya gaza naira 500,000 a shekara, sannan ka kawo mutum biyu su tsaya maka: ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 12 zuwa sama, ko lauyan da ya shekara goma yana aiki, ko alƙali da makamantansu. To ɗan manomi a Gwaram ko Tsanyawa, ina zai samo takardar albashin mahaifin da lissafinsa buhun gero ne da riɗi? An soke wannan doka, aka sa hannu a kan sabuwa a watan Afrilun 2024, aka cire sharaɗin samun iyaye da na masu tsayawa gaba ɗaya. An kuma cire hana ɗalibi saboda mahaifinsa ya taɓa cin bashi bai biya ba. A ranar 24 ga Mayun 2024 aka buɗe shafin nema.

Don haka maraya, da wanda mahaifinsa yake da hali amma ya ce ba zai biya ba, da matar auren da ta koma karatu, duk layi ɗaya suke bi. Takardunka ake dubawa, kuma kai ne za ka biya.

Sharaɗin farko shi ne ka riga ka samu gurbi a makarantar gaba da sakandare ta gwamnati, ta tarayya ko ta jiha: jami'a, kwalejin kimiyya da fasaha, ko kwalejin ilimi. A yankinmu wannan ya haɗa da irin su Jami'ar Bayero, Jami'ar Tarayya ta Dutse, Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure da kwalejin ilimi ta Gumel. Makarantu masu zaman kansu ba sa ciki. Abin da ake bayarwa kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye asusun makarantar, ba ya biyowa ta hannunka. Kuɗin ɗawainiya kuma, naira 20,000 a wata, shi ne yake shiga asusunka na banki. Babu kuɗin ruwa a kai, abin da aka ba ka shi za ka mayar, kuma wannan ne abin da ya kamata ka fara faɗa wa Baba ko Malam idan suka tambaya, domin yawanci tsoron riba ne yake sa dattawa su ce a bari.

Kafin ka taɓa kwamfuta, tara abubuwan nan a wuri guda: lambar rajistarka ta JAMB, lambar NIN, lambar BVN, takardar samun gurbi, lambar ɗalibi da makaranta ta ba ka, katin shaidar ɗalibi idan an riga an ba ku, da lambar asusun banki mai ɗauke da sunanka. Idan ka manta NIN, danna *346# a layin da ka yi rajistar da shi. BVN kuma *565*0#. Kowanne yana cin ɗan kuɗin kati.

A nan ne ya kamata a zauna a yi aiki, domin a nan yawancin ɗaliban karkara suke maƙalewa. Ɗauki takarda ka rubuta sunanka da ranar haihuwarka kamar yadda suke a wurare huɗu: JAMB, NIN, banki, da rajistar makaranta. Sau da yawa za ka tarar a JAMB kai Muhammad ne, a banki Mohammed, a NIN kuma Muhammadu. Ko wani wuri an sa sunan gari a matsayin suna na ƙarshe, Sani Garba Ringim, wani wurin kuma Sani Garba kawai, wani wurin an juya shi Garba Sani. Ranar haihuwa ta fi wannan rikici. Da yawanmu a gida aka haife mu, babu takarda, ranar da aka je yin katin ɗan ƙasa mai rubutawa ya sa 1 ga Janairu, hedimasta kuma ya riga ya rubuta wata shekarar daban a takardar firamare. Kwamfuta ba ta san Mamman da Muhammadu mutum ɗaya ba ne. Idan bayanan ba su zo daidai ba, tantancewa za ta tsaya.

Gyaran yana da tsari. Ka ɗauki abin da ke kan takardun jarrabawarka da JAMB a matsayin ma'auni, tunda su ne za su bi ka har takardar kammalawa da hidimar ƙasa, sai ka jawo sauran su dace da su. Gyaran suna a BVN a reshen bankinka ake yi, yawanci da takardar rantsuwa daga kotu da katin shaida. Gyaran NIN a hannun NIMC yake, wato hukumar da ke yin katin ɗan ƙasa. Sauya ranar haihuwa ya fi gyaran suna tsada da jan lokaci, kuma sai da takardar shaida daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Kada ka jira sai an buɗe shafi kafin ka fara wannan zirga-zirgar. Ka yi ta tun lokacin hutu, musamman idan sai ka shiga mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma.

Matsala ta biyu ba daga wajenka take ba. NELFUND ba ta san ka ba sai makarantarka ta ɗora sunayen ɗalibanta a rumbun hukumar. Idan ka sa lambobinka shafin ya ce bai same ka ba, kada ka yi ta buɗe sabon asusu da wani imel, ƙara dagula abin za ka yi. Je ka ofishin kula da harkokin ɗalibai ko sashen kwamfuta na makarantar, ka nemi jami'in da aka ɗora wa aikin NELFUND, ka ba shi lambar ɗalibi da ta JAMB da NIN a rubuce. Wanda kuma ya shiga makaranta ba ta hanyar JAMB ba, kamar yadda yake faruwa da wasu ɗaliban difloma da NCE, sai ya fara daidaita gurbinsa da JAMB ya samu lamba.

Cikawar kanta ba ta da wuya. Ka shiga nelf.gov.ng, ka zaɓi neman bashi, ka tabbatar kai ɗan Najeriya ne, ka zaɓi makarantarka ka sa lambar ɗalibi, a tantance ka da JAMB da NIN. Sai ka buɗe asusu da imel da kalmar sirri, ka buɗe saƙon da za a turo maka ka tabbatar. Daga nan ka cike adireshi da bayanan banki, ka ɗora hoton takardar samun gurbi. Hoton ya fito sarai, a ɗauka da rana a kan tebur, kada inuwar hannu ta rufe suna. Buɗe asusu daban, neman bashin daban: akwai waɗanda suke tsayawa a rajista su koma gida suna jiran alat, alhali ba su danna wurin neman ba. A wurin ne kuma ake tambayarka ko kana son kuɗin ɗawainiya. Idan ba ka zaɓa ba, kuɗin makaranta kaɗai za a biya.

Idan a shagon intanet za ka cike, ka tsaya a kan mai shagon. Imel naka za a sa, lambar waya taka, kalmar sirri kai za ka buga da hannunka. Mai shago yana da haƙƙin kuɗin aikinsa da na data, amma neman bashin kansa kyauta ne, duk wanda ya ce ka kawo wani abu zai sa a amince da kai da wuri, damfara ce. Ke kuma ɗaliba, kada ki sa asusun Yaya ko na maigida don kawai naki bai da katin cire kuɗi. Sunan asusu dole ya dace da BVN ɗinki. Asusun da aka daɗe ba a taɓa ba shi ma banki yakan rufe shi, a je a farfaɗo da shi tukuna. Ya fi kwanciyar hankali a yi amfani da asusun babban banki mai reshe, inda za ka iya zuwa ka ga mutum ido da ido in kuɗi ya maƙale.

Kuɗin ba lallai ya iso kafin a rufe rajista ba. Idan gida sun sayar da akuya ko buhun shinkafa sun biya, daga baya NELFUND ta turo wa makaranta, kana da haƙƙin a mayar maka da naka. Adana rasit ɗin biya da takardar Remita, ka kai ofishin kuɗi na makarantar tare da shaidar amincewar da ke shafinka. Kuma kowace sabuwar shekarar karatu sai ka sake nema, ba ya sabunta kansa.

Sai maganar biya, wadda ya kamata a yi lissafinta tun yau. Bashi hanji ne, amma gara ka san tsawon naka. A ce kuɗin makarantarka naira 100,000 ne a shekara, ka kuma karɓi na ɗawainiya na wata goma, 200,000 ke nan, jimla 300,000. A shekara huɗu ya zama miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kashi biyu cikin uku duk na ɗawainiya ne. Wanda yake kwana a gidan ɗan'uwa kusa da makaranta, ana kawo masa gero da wake daga ƙauye, yana iya ɗaukar kuɗin makaranta kaɗai ya rage wa kansa kaya. Ana fara biya shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa. Mai albashi za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 daga albashinsa, mai sana'ar kansa kuma ya riƙa biyan kashi 10 na ribarsa. Wanda bai samu abin yi ba zai iya neman a ɗaga masa ƙafa da takardar rantsuwa, amma ƙarya a cikinta laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin shekara uku. Idan ɗalibi ya rasu, doka ta tanadi a yafe bashin, ba a bin iyaye ko magada.

Kada bashin ya hana ka neman abin da ba a mayarwa. Hukumomin tallafin karatu na jihohin Kano da Jigawa suna buɗe nasu lokaci zuwa lokaci, kuma babbar takardar da suke nema ita ce shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Ita kuwa daga mai unguwa take farawa, ta bi ta wajen dagaci da hakimi kafin sakatariya ta buga hatimi, don haka a fara neman ta tun kafin a ji sanarwa a rediyo, a kuma tabbatar sunan da za a rubuta a kanta shi ne dai wanda ke JAMB harafi da harafi.