Yadda na bi da autana da karatu ya tsaya masa a Makka

Autana yana aji 3 na ibtida'i, wato firamare, muka buɗe Nur, shafin intanet da ake duba sakamakon ɗalibai a Saudiyya, muka ga Larabcinsa a ƙasa. Mahaifinsa ya ce a nemo malamin darasi na kuɗi. Na ce, Alhaji, a dakata tukuna mu gano ta inda ɗakin ke yoyo.

Ga abin da za ki fara yi, 'yar uwa. Ki zaunar da shi ya karanta miki shafi ɗaya na Lugati, littafinsu na Larabci, da ƙarfi. Kada ki gyara masa, kada ki harare shi, ki dai riƙa rubuta duk inda ya yi tuntuɓe. Kwana uku na yi haka kafin na gane nawa ba lalaci ke damunsa ba. Ɗigo ne ke ruɗa shi: harufan ba da ta da sa duk kamarsu ɗaya a idonsa, ga madda da ba ya ja. Ki tuna kuma yaranmu na Shari'a Mansur, unguwar Hausawa a Makka, harshe uku suke ɗauke da shi, Hausa a gida, Larabcin Hijaz a titi, fusha, wato daidaitaccen Larabci, a littafi. Wani lokacin yaro ya iya lissafin, tambayar ce bai fahimta ba. Ki faɗa masa ita da Hausa ki gani.

A kai shi a duba ido da kunne. Wannan kada ki ɗaga shi zuwa gobe.

Sannan a tafi makaranta da takardar nan da kika cika. A nemi muwajjih, wato malamin da ke ba ɗalibai shawara, a tambaye shi ko suna da malamin su'ubatut ta'allum, mai kula da yaran da koyo ke yi wa wuya. Makarantun gwamnati da yawa suna da gurfatul masadir, inda ake ɗauke yaro na ɗan lokaci a koya masa shi kaɗai ko cikin 'yan kaɗan, bisa tsari da aka rubuta dominsa. Sai iyaye sun sa hannu ake farawa, kuma na san waɗanda suka ƙi don kada dangi su ce ɗansu daƙiƙi ne. Ni dai na sa Alhaji ya sa hannu, dangi kuma ba su za su zauna masa jarrabawa ba.

A gida minti 20 ya isa, bayan Magariba, Lahadi zuwa Alhamis. Abu ɗaya tak har mako biyu. Mu da faranti muka yi: in zuba shinkafa, ya zana harafi da yatsa, ya ɗora dabino a matsayin ɗigo, in ya dace ya cinye. Darasin da ya wuce shi a aji sai mu nemo a tashar Ain, mai nuna darussan makaranta, mu sake kallo. Na kuma aika wa malamin halƙarsu ta Alƙur'ani a masallaci harufan da muke kai, don ya lura da su a tilawa.

Duk ƙarshen wata ki mayar da shi shafin nan na farko, ki ƙirga tuntuɓen. Yanzu muna kan ta marbuɗa da ha, wanda har ni sai na sake dubawa.