Darasi na Shida: Abin da Ke Sa Sha'ir Ya Kwanta a Gona

Idan aka ce sha'ir ya kwanta, ana nufin shukar ta zube ƙasa kafin girbi, ta kasa miƙewa. Kwanciyar kashi biyu ce, kuma ya kamata manomi ya iya bambance su. Wani lokaci karan ne yake lanƙwashewa ko ya karye a gaɓoɓinsa na ƙasa, wani lokaci kuwa karan lafiyarsa ƙalau, saiwa ce ta saki saboda ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, iska ta zo ta ture shukar ɗungurungum. Ɓarnar ta fi tsanani idan abin ya auku tsakanin fitowar zangarniya da cikar ƙwaya, domin ganye yakan danne juna, rana ba ta ratsa shi, ƙwaya ba ta cika, wadda ta taɓa ƙasa mai laima kuma ta yi fumfuna ko ta tsira tun tana jikin zangarniya.

Tsawon kara da kaurinsa gado ne da kowane iri yake ɗauke da shi. Dogon kara ya fi saurin faɗuwa, shi ya sa masana suka daɗe suna neman gajerun iri. A shekarar 1965 aka fitar da wani iri mai suna Diamant a tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya ta Turai, wanda ya fi irin da aka samo shi daga gare shi gajarta da kimanin santimita 15, kuma ire-iren sha'ir da yawa na Turai daga tsatsonsa suka fito. A Japan da Koriya da Sin ma akwai gajerun iri masu ɗauke da wata ƙwayar halitta ta gado mai sa gajarta, da ake kira uzu. Sai dai gajarta kaɗai ba ta wadatar, dole bangon kara ya yi kauri, saiwa kuma ta bazu sosai.

Iri mai kyau yana iya kwanciya idan ba a kula da shi yadda ya dace ba, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Takin naitirojin, kamar yuriya, idan aka zuba shi da yawa tun shuka tana ƙarama, yakan sa ganye ya yi duhu ya cika gona, gaɓoɓin ƙasa su yi tsawo su yi siriri, su kasa ɗaukar nauyin zangarniya. Gonar da ta yi kore shar tana burge mai wucewa, sau da yawa ita ce farkon zubewa. Gara a raba takin kashi biyu ko uku. Cunkoson shuka ma haka yake yi, domin haske ba ya kaiwa gindi, kowane kara yana ta miƙewa yana neman rana. Mai noman ban ruwa kuwa ya guji sakin ruwa ranar da ake iska mai ƙarfi, musamman bayan zangarniya ta yi nauyi.

Domin gwaji, ɗalibi ya shiga gona lokacin da kara ya fara yin gaɓa, ya buɗa shukar da hannu ya dubi gindinta. Idan ya ga ganyen ƙasa ya yi rawaya don rashin haske, ya kuma matsa gaɓa ta biyu da yatsu biyu ta lotse ba wuya, to ya rage takin da ya yi niyyar ƙarawa.