Darasi na Tara: Yadda Za a Yi da Masu Kiran Waya Don Talla da Roƙo

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, ƙofar kowane gida ta zama biyu. Akwai ta zaure, inda baƙo zai tsaya ya yi sallama har a fito a ga fuskarsa, akwai kuma wadda ke cikin aljihu ko a gefen matashin kai, wadda kowa yake iya ƙwanƙwasawa daga ko'ina, ana cikin cin tuwon dare ko bayan an kwanta barci. Wannan darasi ya shafi masu shigowa ta ƙofa ta biyu ba tare da an gayyace su ba, wato masu tallar haja, da masu roƙon taimako, da kuma 'yan damfara waɗanda suke shigar burtu da sunan talla ko roƙo.

An tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a katse wa mutum hanzari, kuma ba a juya wa mai sallama baya, har Hausawa na cewa baƙonka annabinka. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma masu irin wannan kira sun san da ita, kuma da ita suke cin kasuwarsu. Sun san cewa idan suka fara da "Ranka ya daɗe, Baba, ina yini, ina gajiya?" dattijo zai ji nauyin kashe waya, kuma gwargwadon daɗewarsa yana sauraro, gwargwadon yadda zai yi masa wuya ya ce a'a. Wanda ba ku san shi ba, ba ku ba shi lambarku ba, kuma ya kira don biyan buƙatar kansa, ba shi da haƙƙin da baƙon zaure yake da shi a kanku. Ya isa a ce masa, "Na gode, ba na buƙata, kada a sake kiran wannan layi," sannan a danna jan maɓalli ba tare da jiran amsarsa ba. Ba dole ba ne a kawo dalili, domin duk dalilin da aka kawo an riga an koya masa amsarsa: wanda ya ce ba shi da kuɗi za a ce masa ya biya kaɗan-kaɗan, wadda ta ce sai maigida ya dawo za a tambaye ta ƙarfe nawa zai dawo.

Tallar da ke cinye kuɗin kati

A da yawa daga cikin kiran da ke damun mutane ba ma ɗan Adam ne ke magana ba, murya ce da aka naɗa. Ana ɗauka sai a ji kiɗa, ko a ji ana cewa a danna lamba 1 domin samun waƙar kira, ko labaran ƙwallo, ko shiga gasar cin kyauta. Wanda ya danna, ko yaron da aka ba wa waya ya yi wasa da ita ya danna, ya yi rajista ke nan, kuma daga ranar za a riƙa cire masa kuɗi kullum ko duk mako. Mutum zai sa katin naira 200 da safe, ya kira ɗansa na minti biyu, da yamma a ce masa ba shi da ko kwabo.

Wannan matsala tana da magani. A shekarar 2016 Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NCC, ta umarci dukkan kamfanonin waya su ware lamba ɗaya, 2442, domin duk mai son a daina damunsa da talla. Ana buɗe wurin rubuta saƙo, a sa 2442 a gurbin lambar wanda za a aika wa, sannan a rubuta haruffa huɗu, S da T da O da P, wato STOP, kalmar Turanci mai nufin a daina. Aika wannan saƙo kyauta ne, kuma lambar ɗaya ce ko layin MTN ne, ko Airtel, ko Glo. Mai layi biyu a waya ɗaya sai ya aika daga kowane layi daban, domin layin da aka aika da shi kaɗai ake rufewa. Wanda yake son wasu tallace-tallacen, kamar na lafiya ko na ilimi ko na addini, sai ya aika HELP a maimakon STOP, za a turo masa jerin da zai zaɓa, kalmar STATUS kuma tana nuna ko rufewar ta kama.

Idan an ci gaba da damun mutum ko cire masa kuɗi, ya fara kiran kamfaninsa a lamba 300, ya nemi a cire shi daga duk abin da bai nema ba, kuma ya karɓi lambar ƙorafinsa ya rubuta a takarda. In ba a share masa hawaye ba, ya kira NCC a 622, shi ma kyauta ne, kuma a can za a tambaye shi waccan lambar da ya rubuta. Ban da wannan, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba kowa ikon hana kamfani amfani da bayanansa wajen yi masa talla.

Kiran da 2442 ba ta tarewa

Lambar 2442 tana aiki ne a kan kamfanoni masu rajista. Ɗan damfara da layi irin na kowa yake kira, don haka ba abin da zai tare shi sai mai wayar da kansa.

Wata dattijuwa a ajinmu, mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta ba mu labarin yadda aka kira ta da hantsi tana tsakiyar tuya. Mai kiran ya ambaci cikakken sunanta, ya ce daga banki yake, kuma za a rufe asusunta kafin azahar idan ba a gyara lambar BVN ɗinta ba, wato lambar da bankuna ke tantance mai asusu da ita. Ta goge hannu a gefen zane, ta shiga ɗaki ta ɗauko katin ATM daga cikin kwanon da take ajiye shi, ta karanto masa lambobin da ke gaba da 3 ɗin da ke baya. Sai ya ce, "Hajiya, yanzu saƙo zai shigo, ki karanto mini lambobi 6 da ke ciki, kada ki kashe wayar." Allah ya taimake ta idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, ta miƙa wa jikarta, yarinyar ta karanta saƙon har ƙarshe, inda bankin da kansa ya rubuta cewa kada a faɗa wa kowa wannan lamba. Kafin la'asar sun je banki an toshe katin an ba ta sabo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amsar da ta bayar da na tambaye ta dalilin da ya sa ta yarda da shi: "Malam, ai ya san sunana."

Sanin suna ba shaida ba ne. Muna rubuta sunayenmu da lambobinmu a takardun neman tallafi, da rajistar taro, da wurin masu POS. Akwai manhajojin da ke nuna sunan mai lamba, kuma a wasu bankunan waya lambar wayar mutum ita ce lambar asusunsa, ta yadda duk wanda ya yi kamar zai tura kuɗi zai ga cikakken suna ya fito. Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri ta kati, ko lambobin da ke jikinsa, ko lambar da ya turo ta saƙo wadda ake ce wa OTP. Haka nan BVN da NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), masu lambobi 11 kowannensu, ba a karanta su ga wanda ya kira, ko da ya ce tallafin gwamnati ne ya fito. Alamar da ta fi tona asirin waɗannan mutane ita ce gaggawa, da hana kashe waya, da hana shawara da kowa. Wanda ya shiga kokwanto ya kashe wayar, ya kira bankinsa da lambar da ke bayan katinsa, ko ya taka ya je da kansa. Bankuna da yawa suna da gajeriyar lambar da ake dannawa a toshe asusu nan take, ko da daga wayar wani ne, kuma yana da kyau kowa ya tambayi ta bankinsa tun kafin buƙata ta taso.

Sai masu roƙo. Wani zai ce ana ginin masallaci, wani marayu, wani kuma ya ce ɗan'uwanku ya yi hatsari yana asibiti, a turo kuɗin jini yanzu-yanzu. Akwai ma masu kira cikin dare da sauya murya, su ce aljanu ne, su tsorata mace da cewa wani mugun abu zai sami 'ya'yanta in ba ta turo katin waya a matsayin sadaka ba, kuma su gargaɗe ta kada ta faɗa wa mijinta. Ba na son wannan darasi ya sa kowa ya rufe hannunsa ga barin alheri. Amma sadaka ba ta lalacewa don an jinkirta ta sa'a ɗaya an bincika. A tambayi unguwar da masallacin yake da sunan limaminsa, a kira ɗan'uwan da aka ce ya yi hatsari ko matarsa, duk wanda kuma ya ce kada a faɗa wa kowa, to a faɗa wa mutanen gida tun kafin gari ya waye. Wanda aka riga aka cuta kada kunya ta sa ya yi shiru, ya garzaya banki, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC tare da lambar da aka kira shi da ita.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya rubuta 2442 da 622 da 300 a littafinsa sau uku-uku, ya kwafi kalmar STOP da manyan baƙaƙe, sannan ya fito da wayarsa ya aika saƙon a gaban malami. Bayan haka a zauna biyu-biyu, ɗaya ya zama mai kira yana ta magiya da daɗin baki, ɗayan ya faɗi jimlar ƙin amincewa sau ɗaya tak ya kashe waya, sannan a yi musanya. Idan an koma gida, a koya wa duk mai ɗaukar wayar gidan, tun daga uwargida da tsofaffi har yaran da ake aika da ita wurin caji.