Kurakuran Sababbin Masu Kiwon Kunkuru

Na gaji da jin maganar nan daga bakin sababbin masu kiwo: "Ya yi girma, bari in kai shi tafki ya huta." Ina hutun yake? Kunkurun ruwan da aka fi sayarwa, mai jan zane a bayan ido, asalinsa yankin kogin Misisipi ne a Amurka. Za ka saye shi ɗan mitsitsi, ya girma ya kusa santimita 30, ya kuma iya haura shekara 30 a duniya. Ka jefa shi ruwan da ba nasa ba, ko dai ya mutu, ko ya rayu ya danne kunkuran asalin wurin, ya ƙwace musu gungumen shan hantsi, ya cinye abincinsu. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin baƙin halittu 100 mafi ɓarna a duniya. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi tun 1997, Japan kuwa ta haramta sakinsa a 2023. Idan ya fi ƙarfinka, nemi mai kiwo da ke da wuri ko cibiyar ceton dabbobi. Ni sai na ga inda zai zauna da idona nake miƙa shi.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne "ai lafiyarsa ƙalau". Wa ya gwada shi? Kunkuru na ɓoye ciwo wata da watanni yana cin abincinsa. Wani ya taɓa kawo mini nasa ajiya, yana rantsuwa ba abin da ke damunsa. Ba a daɗe ba wata macen kunkuru da na raina tun tana ƙarama ta fara fitar da kumfa ta hanci, idanu suka kumbura suka rufe, ta daina ci har ta mutu. Irin wannan ciwon numfashi, na ƙwayar cutar Mycoplasma, ya yi wa kunkurun hamadar Mojave ta Amurka ɓarna sosai, kuma masana na zargin cewa na kiwo da aka saki suna da hannu a yaɗuwarsa. Yanzu kowane baƙo wata uku yake yi a keɓe, da kwanonsa daban, ko na wane ne.

Ruwan da ka wanke masa mazauni, kada ka tuttular da shi a rafi. Wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa shi: saboda ƙwayar cutar Salmonella da kunkuru ke ɗauke da ita, Amurka ta hana sayar da wanda ƙoƙon bayansa bai kai inci 4 ba a 1975. Wanda ka tarar yana tsallaka titi kuma ba naka ba ne, ƙetarar da shi ɓangaren da ya nufa ka wuce.